Naman Mai Burodi

Ranar Litinin da ƙarfe tara da kwata, likitar ɗakin gwaji ta ɗaga kai daga madubinta, irin wanda ke girmama abin da ido ba ya gani. Ta cire tabarau ta ce, "Wannan naman ba nasa ba ne."

Ta sake dubawa sau uku kafin ta haura ofishin shugaban asibiti. Shugaban ya saurare ta, ya ce kuskure ne irin na ɗan Adam, a rufa wa juna asiri. Ita kuwa ba mace ce da ake rufe wa baki da a yi haƙuri ba. Ta sauko ta kira 'yan sanda da kanta.

Sufeton da aka turo ya haura hamsin. Ɗan mahauci ne, kuma tun da ya bar sigari ba ya rabuwa da tsinken sakace a baki. Ba ya son asibiti, bai kuma ɓoye ba. Ya shigo ɗakin gwajin da ke ƙasan bene, warin magani ya daki hancinsa, ya ja tsaki.

"Likita, an ce min sata aka yi. Me aka ɗauke?"

"Ran mutum, in ba mu yi sauri ba. Zauna."

Ta ajiye gilasai biyu a gabansa, kowanne da ɗan tabo ja kamar an goga jan baki.

"Akwai wani mai burodi a sama, gado na takwas. Ciwon daji ne a hanyar abincinsa, bututun nan da ke sauka daga maƙogwaro zuwa ciki. Mako shida da suka wuce aka tsinko namansa don gwaji. An kawo wani sabon magani da ake gwadawa, gurbi ɗaya ya rage, marasa lafiya biyu ke nema. Shi, da wata tsohuwar tela."

"Sai aka ba wa?"

"Ba zaɓi ake yi ba, nama ke magana. Jikin kowa na da sojoji, ƙananan ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Wani ciwon za ka tarar sojojin sun kutsa har cikinsa, sai dai ya ɗaure musu hannu. Wani kuma babu ko ɗaya a ciki. Maganin nan ba ya kashe cuta. Sojojin yake kwance wa hannu. Don haka wanda namansa ke da sojoji ake ba."

"Na mai burodi fa?"

"Lamba 412. Na duba, fayau, babu komai. Lamba 417, ta tela, cike taf. Na sa hannu, aka ba ta." Ta tura masa gilashi na biyu. "Makon jiya aka sa wa mai burodi robar abinci, aka ƙara tsinko nama. Ga shi nan. Sojoji kamar tururuwa. Kuma irin ƙwayar cutar ma daban. Tasa a ƙasa take, dab da bakin tumbi. Abin da ke cikin 412 na sama ne, wajen maƙogwaro, daidai inda ciwon tela yake. An yi musaya."

"Ke da kika duba tun farko, ba ki lura ba?"

"Dokar gwajin ce. Lamba kawai ake ba ni, ba suna, ba tarihi." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni na rubuta masa babu. Da hannuna."

Sai ta faɗa masa abin da ya rage. Kwamitin maganin zai zauna ranar Alhamis. Sun ce za su karɓi mai burodi in aka nuna musu yadda musayar ta faru da wanda ya yi ta, don ba za su yarda da kowane gilashi daga ɗakin nan ba muddin ba a san inda ɓarakar take ba. Akwai sharaɗi na biyu kuma: dole mara lafiya ya iya tafiya da ƙafarsa daga gadonsa zuwa ƙarshen baranda.

Sufeto ya haura ya ga mutumin. Ya tarar da ƙashi da fata, sai manyan hannaye masu tabon ƙunar tanda. Matarsa na zaune a gefe da ɗan kwano, tana tarar miyaun da ya kasa haɗiyewa.

"Kai ne ɗan sandan?" in ji ta. "Mako shida suna ce mana mu koma gida mu yi addu'a. Mako shida da suka wuce da kansa yake ɗaukar buhun fulawa."

"Bar shi ya zauna," in ji mai burodi, murya kamar ana jan takarda. "Yallaɓai, ka ga ikon Allah. Shekara talatin ina ciyar da unguwa, yau ruwa ya fi ƙarfina."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Sufeto ya fita.

Ya fara da nas ɗin da ke kai kwalabe daga ɗakin tsinkar nama zuwa ƙasa. Ta shigo da fushinta a hannu.

"Na san ni za a fara kira. Kullum jifa a kan na ƙasa take faɗawa."

"Ranar da aka tsinko su biyun, ke kika sauko da kwalaben?"

"Ni ce. Likitan da ya tsinko shi ke rufe kwalba ya liƙe bakin, ya rubuta guda nawa ya sa. Ni ɗauka ce tawa."

"Guda nawa?"

Ta buɗe takardun. "Mai burodi shida. Tela huɗu."

"Kin tsaya a hanya?"

"Da kwalbar naman mutum a hannu? Ina zan tsaya, wurin mai shayi?"

Na biyu shi ne magatakarda, wanda ke zaune a tagar karɓa yana ba kwalabe lamba. Siririn mutum ne mai surutu, irin wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ba ka tarihin agogo.

"Ni ba na buɗe kwalba, yallaɓai. Warin kaɗai sai in yi kwana biyu ban ci abinci ba. Ɗagawa nake ga haske, in ƙirga, nas ta ƙirga, mu sa hannu tare. Ga shi. 412, shida, baki a liƙe. 417, huɗu, baki a liƙe."

"Daga nan sai ina?"

"Sai ciki, wurin Baba Kyandir. Ni ko makullin ɗakin ba ni da shi."

"Wane ne Baba Kyandir?"

"Mai yanka. Shi ke zuba naman a kakin kyandir ya daskare, ya yanka shi siriri ya ɗora a gilashi. Shekara ashirin da bakwai yana nan. Kada ka ɓata lokacinka a kansa, waliyyi ne. Mutumin da ko ƙwayar nama ba ya bari ta shiga shara? In an yanke wa wani ƙari ko hanji, ragowar da ta saura sai ya naɗe ta a gwangwaninsa, duk wata uku ya kai maƙabarta da kansa. Muna tsokanarsa muna cewa shi kaɗai ne mai jana'izar tsoka."

Sufeto ya rubuta hakan ba tare da ya ɗaga kai ba.

Baba Kyandir dattijo ne mai furfura, yatsunsa sun yi sheƙi saboda kaki. Ya miƙe ya gaishe da Sufeto da ladabi, ya ɗauko dunƙulen kakin biyu da kansa ya ajiye a tebur, kowanne kamar akwatin ashana.

"Ƙirga da idonka, ɗana. 412, shida. 417, huɗu. Yadda aka ba ni haka na zuba."

Sufeto ya ƙirga ɗigon naman da ke cikin kakin. Shida da huɗu ne.

Ya kwana da abin a ransa. Da an yi musayar a hanya ko a taga, da lissafin ya juye, a ga huɗu a lambar mai burodi. Da an yi ta bisa kuskure a ciki, nan ma lissafin zai juye. Amma ga shida a wurin shida, huɗu a wurin huɗu, kuma nama ba na masu shi ba. Shugaban asibiti har ya aiko cewa tunda lissafi ya cika, watakila likitar ce idonta ya gaji.

Ranar Talata da safe ya koma wurin likitar.

"Nuna min gilashin 412 na farko. Ba cikin ƙwayoyin ba. Ja baya yadda zan ga kowace tsoka ɗungurungum."

Ta murɗa madubin. Ya sa ido, ya daɗe, tsinken ya daina motsi a bakinsa.

"Da me ake tsinko naman nan?"

"Ɗan hantsaki ne a bakin roba. Cizo yake yi ya fizgo."

"To abin da aka fizgo gefensa a yage yake. Biyu a nan haka suke, ko'ina a yage. Amma dubi sauran huɗun. Kowanne na da gefe ɗaya a miƙe sak."

Ta karɓi madubin. Ta sa ido ta duba gefunan.

"Ubana mahauci ne," in ji Sufeto. "Tun ina ɗan shekara bakwai na san naman da kare ya ja da wanda wuƙa ta raba. Ke ciki kike kallo, ba ki kallon baki. Tsokar tela huɗu ce. Wani ya raba biyu da reza suka zama huɗu, ga biyu cikakku, shida ke nan. Kuskure ba ya ɗaukar reza, likita."

"To na mai burodi shida ne, huɗu ke cikin kaki."

"Saura biyu. Su nake nema." Ya dube ta. "Wa ke riƙe reza a ɗakin nan?"

"Ni da Baba."

"Ke ba ki da bukatar yanka komai. Da kina son a ba tela maganin, biro kawai za ki ɗauka ki rubuta akwai. Kuma da ba ki kira mu ba."

Ta zauna a hankali. "Shi ya koya min riƙe reza. Me zai haɗa shi da tela?"

Abin da Sufeto ya haura nema ke nan. Tela na ɗakin mata, ana yi mata ƙarin ruwa. Tsohuwa ce ƙarama, da tabarau ɗaure da zare. Mako shida na magani bai ƙara mata komai ba sai ƙuraje da gudawa, kuma hoton da aka ɗauka makon jiya ya nuna ciwon ya ƙaru. Ta ɗauka Sufeto likita ne, shi kuma bai gyara mata ba.

"Inna, wa ke kula da ke?"

"'Yata. Sai ƙanena, amma shi a ɓoye yake zuwa, lokacin da ake cin abincin rana." Ta yi murmushi. "A nan ƙasa yake aiki. Ya hana ni faɗa, wai kada a ce alfarma aka yi min. Ɗan ƙanwar uwata ne, amma ni na goye shi, uwarsa ta rasu yana wata biyar. Da keken ɗinkina na sa shi makaranta. Kai ma kada ka faɗa, ka ji? Mai kunya ne."

"Na ji, Inna."

Ya sauko matakala a hankali. A shekarunsa na aiki ya kama ɓarayi da makasa, bai taɓa jin ƙyamar aikinsa kamar a matakalar nan ba.

Ya tarar da Baba Kyandir na goge injin yanka. Likita na tsaye a bakin ƙofa.

"Baba, yaushe ka kai gwangwaninka maƙabarta na ƙarshe?"

Hannun dattijon ya tsaya. "Wata biyu ke nan."

"To na mako shida suna ciki. Ɗauko."

Bai yi gardama ba. Ya buɗe durowar ƙasa ya fito da tsohon gwangwanin madara. Ciki ƙananan dunƙulen kaki ne, kowanne a naɗe da farin ƙyalle, kowanne da lamba da fensir. Sufeto ya jera su a tebur ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha huɗu shi ne mafi ƙanƙanta. Tsoka biyu ne a ciki, kamar ƙwayar shinkafa, kuma a jikin ƙyallen an rubuta 412.

"Likita, irin wannan ɗan tsinken yana barin ragowa?"

"A'a. Duka ake zubawa."

Sufeto ya cire tsinken daga bakinsa. "Ga yadda aka yi, Baba, in na yi kuskure ka gyara min. Kwalabe sun iso maka daidai, a liƙe, nas da magatakarda sun ƙirga. Ka san 417 ta yayarka ce, don ka san ranar da aka tsinko ta. Kana son ta samu gurbin. Ka musanya naman. Ka san za a iya ƙirgawa, sai ka raba nata biyu da reza suka cika shida, ka cire biyu daga nasa suka koma huɗu. Da wani ne, da ya watsa biyun a magudana, ni kuma da na tafi gida da zargi kawai. Kai ba ka iya ba. Ka naɗe su don binnewa, kuma ka sa musu lambar mai su ta gaskiya. Abu ɗaya ne ban gane ba. Yaya ka san nasa ne mai sojoji tun ba a duba ba?"

Dattijon ya zauna a kan kujerarsa ta katako.

"Na fara yanka gilashi ɗaya-ɗaya na gwaji, na sa su cikin gilasan koyar da ɗalibai, ba lamba. Na ji likita na nuna musu, tana cewa wannan zai samu, wannan ba zai samu ba." Ya dubi gwangwanin. "Takarda na yi wa ƙarya. Ba zan yi wa kabari ba. In na binne naman mutum da lambar wani, me zan ce?"

"Mai naman fa? Yana sama, gado na takwas."

"Ban taɓa hawa na gan shi ba. Na san in na gan shi ba zan iya ba. Lamba na sani." Ya juya ga likita. "Amma Yaya ta samu, ko? Ko me za a yi min, ita dai ta sha maganin."

Likita ta matsa kusa da madubin.

"Baba, ka taɓa leƙa madubin nan?"

"Shekara ashirin da bakwai ina yanka miki. Leƙe naki ne."

"Zo."

Ta sa masa gilashin mai burodi. Ya sunkuya.

"Ka ga ƙananan ɗigon nan masu duhu, da suka cika ko'ina?"

"Na gani. Da yawa."

"Sojojinsa ne. Suna tsaye a cikin ciwon, hannu a ɗaure, jira suke." Ta canza gilashi. "Wannan na Yaya ne."

Ya duba, ya murɗa, ya sake dubawa. "Ban ga ɗigon ba."

"Babu su. Maganin kwance ɗauri yake yi, Baba. Ita babu wanda za a kwance. Mako shida muna zuba mata abin da ba zai taɓa yi mata aiki ba, kuma saboda shi muka ajiye maganin da aka saba bayarwa, wanda zai iya rage mata ciwon."

Bai ɗaga kai daga madubin ba. Kafaɗunsa kawai suka fara rawa.

"Na zaci rowa ce," in ji shi. "Na zaci dabara ce ta hana mutane, don maganin ba ya isa."

Sufeto ya jira har ya gama. Sannan ya sa shi ya rubuta bayaninsa ya sa hannu. Bai sa masa ankwa ba. Da suka zo fita, dattijon ya roƙi a bar wa magatakarda gwangwanin, ya ce saura wata guda lokacin binnewa ya yi.

Ranar Alhamis kwamiti ya karanta takardun, ya amince. Likitoci biyu suka hauro da agogo da takarda don sharaɗin ƙarshe. Sufeto bai da aiki a wurin, amma ya zo.

Matar mai burodi ta sa masa silifas. Ya miƙe da kansa, ya ture hannunta. Barandar taku arba'in ce. Ya yi goma yana kallon gaba. A na goma sha biyar ya dafa bango. A na goma sha tara gwiwoyinsa suka naɗe, ya zame ya zauna a ƙasa, robar abincin na lilo a hancinsa.

"A ba shi minti biyar," in ji matar. "Don Allah. Bai yi barci ba ne jiya. Ku dawo gobe, gobe zai iya."

Babban likitan ya dubi ƙasa. Ya ce jikin da ya kai haka ba zai ɗauki maganin ba, kashe shi zai yi da wuri. Ya ce da mako uku da suka wuce ne. Bai ƙarasa ba, ya rufe takardar.

Sufeto ya tsuguna ya taimaka aka ɗaga shi. Bai kai nauyin buhun fulawa ba.

"Yallaɓai," in ji mai burodi a kunnensa, "an ce ka kama shi."

"Na kama shi."

"Mugu ne?"

"A'a. Yayarsa yake so ta rayu."

"Ta samu sauƙi?"

Sufeto ya girgiza kai.

Mai burodi ya rufe ido har aka kwantar da shi. Da ya buɗe, likitar ɗakin gwaji ya nema, tana tsaye a ƙarshen gadon da tabarau a hannu.

"Likita, sojojin nan nawa. Har yanzu suna ciki?"

"Suna nan. Da yawa."

"To ki ce musu su yi haƙuri," in ji shi. "Babu mai zuwa."

Matarsa ta cire masa silifas ɗin, ta jera su ƙarƙashin gado, ta ɗauki kwanon.